Landan zuwa Paris: jirgin sama daga Heathrow zuwa Charles de Gaulle, ko jirgin ƙasa?

Tsakanin filin jirgin Heathrow da ke Landan da filin Charles de Gaulle da ke Paris, idan aka ja layi miƙe ta sama, wajen kilomita 348 ne. A tikiti za ka ga an rubuta awa ɗaya da minti 15, wani lokaci da minti 20 ko 25, amma ainihin abun da jirgin ke yi a sama bai cika kai minti 50 ba, ragowar duk tafiya ce a ƙasa, daga inda aka ɗebi fasinja zuwa titin tashi, da jiran layi, da kuma juyawa a can bayan an sauka. Toh wannan lissafin shi ke yaudarar mutane da yawa, mutum ya ga awa ɗaya da ƴan mintuna sai ya ce ai shikenan jirgin sama ya fi komai sauri, ya sayi tikiti, ranar tafiya kuma ya tarar wuni guda ya tafi. Abun da ya kamata ka auna shi ne daga ƙofar da za ka fito zuwa ƙofar da za ka shiga, kuma da zarar ka auna haka amsar tana canzawa gwargwadon inda kake da inda za ka.

Kafin komai a gyara maganar agogo, domin tana rikita lissafi sosai. Faransa tana gaban Birtaniya da awa ɗaya, rani da damina, saboda tare suke canza agogonsu. Idan ka tashi daga Heathrow ƙarfe 9 na safe za ka ga an rubuta sauka ƙarfe 11 da minti 20, kamar ka yi awa biyu da wani abu, alhali ba ka yi ba. A dawowa kuma ka tashi ƙarfe 9 ka sauka 9 da minti 20. Haka abun yake ko a jirgin ƙasa, duk lokutan da ke kan tikiti na garin da ake magana ne, saboda haka kar ka haɗa lokacin tashi da na sauka ka cire kai tsaye.

Yanzu mu bi jirgin sama tun daga tsakiyar Landan. Heathrow yana yamma da gari, wajen kilomita 23 zuwa 24. Hanyoyin zuwa ta dogo guda uku ne sanannu. Akwai Heathrow Express daga tashar Paddington, minti 15 zuwa tamina (wato ginin fasinja na fili) ta 2 da ta 3, minti 21 zuwa tamina ta 5, yana tashi duk bayan minti 15, shi ya fi sauri kuma shi ya fi tsada. Akwai layin Elizabeth da aka buɗe a 2022, wanda ke yin wajen rabin awa daga Paddington, kuma yana ratsa tsakiyar gari har gabas ba sai ka sauya ba. Sai layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa, mafi araha, amma yana tsayawa tasha tasha, ka sa masa minti 50 zuwa awa ɗaya. Kar ka manta minti 15 ɗin nan na Heathrow Express daga Paddington ake ƙirga shi, sai ka fara kai kanka Paddington tukuna, don haka ga yawancin mutane zuwa Heathrow abun minti 45 ne zuwa awa guda ko ta ina suka bi.

Ka isa fili, ana so ka zo da awa biyu kafin tashi, musamman in kana da akwatin da za a auna. Sai binciken tsaro, a cire wannan a cire wancan, sai tafiya zuwa get, wanda a tamina ta 5 wani lokaci sai ka hau ƙaramin jirgin ƙasa na cikin fili. British Airways a tamina ta 5 take, Air France a ta 4, kuma tsakanin taminonin nan akwai nisa na gaske, in ka sauka a wadda ba taka ba ka yi asarar minti 20 zuwa 30 cikin sauƙi, don Allah ka duba tikitinka tun a gida.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba, Heathrow titin jirgi biyu kacal gare shi, kuma yana cikin filayen da suka fi cunkoso a duniya, kusan a cike yake tun safe har dare. Shi ya sa jirgi zai bar get a kan lokaci amma ya yi minti 15 ko 20 yana bin layi kafin ya ɗaga. In kuma daga Paris kake zuwa Landan, sau da yawa sai jirgi ya zo ya tarar da layi a sama, a ce ya yi ta zagaye a ɗaya daga wuraren jira huɗu da aka ware, Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin, har a ba shi izinin sauka. Kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa suke rubuta awa ɗaya da minti 20 a tafiyar da ba ta kai minti 50 a sama ba. Charles de Gaulle shi titi huɗu gare shi, amma filin girma ne da shi ƙwarai, bayan an sauka jirgi kan yi minti 10 zuwa 20 yana tafiya a ƙasa kafin ya tsaya.

An sauka, sai layin fasfo. Birtaniya ba ta taɓa kasancewa cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ke tafiya tsakaninsu ba binciken fasfo, ba ko lokacin da take Tarayyar Turai, kuma ta fice daga tarayyar a Janairun 2020, saboda haka duk wanda ya taso daga Landan sai ya bi ta gaban jami'an shige da fice na Faransa. Wannan layin ba wanda zai iya maka alƙawarinsa, in ka yi sa'a minti 10, in jirgin ku ya sauka tare da manyan jiragen da suka taso daga Amurka ko Asiya sai ka yi awa guda a tsaye. Sai jiran akwati. Sai ka nemi tashar RER B, jirgin ƙasan da ke kai mutane cikin gari, filin yana arewa maso gabas da Paris wajen kilomita 25, kuma jirgin yana yin minti 30 zuwa 35 zuwa tashar Gare du Nord da ke cikin Paris, ban da tafiyar ƙafa zuwa tashar da sayen tikiti da jira.

Ka haɗa duka: awa ɗaya zuwa fili, awa biyu a fili, awa ɗaya da minti 20 a jirgi, minti 45 zuwa awa ɗaya na fasfo da kaya, wajen minti 50 zuwa cikin gari. Kusan awa shida kenan. Wanda ba shi da akwati sai jakar hannu, ya yi cekin a waya, ya san hanya, zai iya matse shi zuwa awa huɗu da rabi, ƙasa da haka kuwa sai da sa'a.

Toh ga ɗaya ɓangaren. Eurostar, jirgin ƙasa mai gudu da ke haɗa biranen biyu, yana tashi daga tashar St Pancras a cikin Landan ya tsaya a Gare du Nord a cikin Paris, dogon ya kai kilomita 492, wato ya fi layin jirgin sama tsawo da kusan kilomita 150 saboda yana lanƙwasa ta gabas ya bi ta garin Lille na arewacin Faransa, amma yana gudun kilomita 300 a awa a kan layin gudu, tafiyar awa biyu ce da minti 16 zuwa 20 da wani abu. A tsakiya zai shiga ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku tsakanin Folkestone da Coquelles kusa da Calais, tsawonsa kilomita 50, wajen 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa suke, a nan yana rage gudu zuwa 160, minti 20 ka fito a wata ƙasa. Masu jin tsoron ramin su kwantar da hankalinsu, ba ruwa za ka gani ba, duhu ne kawai a taga kamar kowane rami na jirgin ƙasa, fitilun ciki a kunne. An buɗe ramin a watan Mayun 1994, Sarauniya Elizabeth ta biyu da shugaba Mitterrand suka buɗe, Eurostar ya fara ɗaukar fasinja a Nuwamban shekarar, a lokacin daga tashar Waterloo yake tashi kuma tafiyar kusan awa uku ce domin ɓangaren Ingila tsohon dogo ne. Sai a 2007 da aka gama sabon layin gudu aka koma St Pancras lokacin ya sauko inda yake yanzu.

Abun da ya fi muhimmanci a nan, kuma shi ne nake ganin mutane ba su cika sa shi a lissafi ba, shi ne ana gama duk binciken fasfo kafin ka hau. A St Pancras za ka wuce binciken kaya, sannan jami'an Faransa suna nan zaune a cikin Landan su duba fasfonka su ba ka izinin shiga, haka ma a Gare du Nord jami'an Birtaniya suna nan. Da jirgi ya tsaya ka ɗauki jakarka ka fita titi, ba layin fasfo, ba jiran akwati, minti biyar kana waje. Kamfanin yana so ka zo da awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi kafin tashi, kuma ga mai tikitin gama gari ana rufe shiga saura minti 30, wannan ba wasa suke da shi ba, in ka zo bayan an rufe jirgi yana tsaye kana ganinsa amma ba za ka hau ba. In ka haɗa, minti 75 na jira, awa biyu da minti 20 na tafiya, ka ƙara minti 20 na zuwa tasha da minti 20 na zuwa masauki, awa huɗu da kwata kenan daga ƙofa zuwa ƙofa.

Saboda haka daga cikin gari zuwa cikin gari jirgin ƙasa ya fi da wajen awa ɗaya da minti 45 ga mai akwati, minti 15 ga mai jakar hannu kawai, kuma ba lokacin kaɗai ba, yanayin lokacin ma daban ne. A jirgin sama awowin nan a yayyanke suke, ka tashi ka zauna, ka shiga layi ka fita layi, ba inda za ka samu minti 40 a jere ka yi wani abu. A jirgin ƙasa awa biyu da wani abu kana zaune wuri ɗaya, akwai wurin cajin waya, za ka iya aiki ko ka yi barci ko ka miƙe ka taka. Ga mai tafiya da yara ƙanana ko da dattijo wannan bambancin ya fi na agogo girma. Ba banza ba mafi yawan masu tafiya tsakanin biranen biyu suka koma jirgin ƙasa tun shekaru da dama.

Wani ɗan tarihi da ke burge ni, a ranar 25 ga Agustan 1919 aka fara jigilar fasinja ta kullum a jirgin sama tsakanin Landan da Paris, daga Hounslow Heath, wanda ba shi da nisa da inda Heathrow yake yau, zuwa Le Bourget, kuma tafiyar ta ɗauki awa biyu da rabi. Yau jirgin ƙasa yana yin ƙasa da haka, ta ƙarƙashin teku.

Sai maganar kaya, nan ma akwai tazara. A Eurostar ana barinka da manyan jakunkuna biyu da ƙaramar jakar hannu a cikin kuɗin tikiti, ba a auna nauyi, sharaɗin dai tsawon kowace kar ya wuce santimita 85 kuma ka iya ɗagawa da kanka, domin kai za ka shigar kai za ka fitar. Ba ruwansu da dokar nan ta mililita 100 ta ruwa da turare da man shafawa. A jirgin sama kuwa tikiti mafi araha yawanci jakar hannu ce kawai, akwati sai ka ƙara kuɗi, galibi kilo 23, kuma dokar ruwa tana nan a filaye da yawa duk da wasu sun fara sassautawa bayan sun sa sababbin na'urori, matsalar ita ce filin da ka tashi zai iya sassautawa, wanda za ka dawo ta cikinsa bai sassauta ba. Amma a yi adalci, mai akwatuna masu nauyin gaske wanda ba shi da ƙarfin ɗagawa, a fili da ya miƙa kaya ya huta har ya sauka, a jirgin ƙasa kuwa yana tare da su har ƙarshe.

Duk wannan ga wanda ke cikin Landan ne yana so ya shiga cikin Paris. In tafiyarka da gaske daga fili zuwa fili ce, lissafin juyewa yake gaba ɗaya, kuma nan ne nake so a natsu. A ce ka sauka a Heathrow daga wata ƙasa kuma kana da wani jirgi da za ka kama a Charles de Gaulle. In ka ce jirgin ƙasa za ka bi, sai ka wuce shige da fice na Birtaniya, ka ɗauki kayanka, ka hau layin Piccadilly wajen awa ɗaya zuwa King's Cross St Pancras, ka yi jiran awa ɗaya da kwata, ka yi awa biyu da minti 20 a hanya, ka sauka Gare du Nord ka ja akwati zuwa RER B ka yi wani minti 35, domin Eurostar ba ya tsayawa a filin jirgin. Ya haura awa biyar, ban da lokacin da ka ɓata kafin ka fito daga Heathrow da awannin da za ka bayar a fili na biyu. Akwai dabarar sauka a Lille ka kama TGV, jirgin ƙasa mai gudu na Faransa, da ke zuwa tashar da ke cikin tamina ta 2 ta Charles de Gaulle kai tsaye, wajen minti 50, tana rage wahalar shiga Paris, amma sai lokutan jiragen biyu sun dace. A jirgin sama kuwa awa ɗaya da minti 20 ne da lokacin yada zango, kana cikin fili ba ka fita ba. Wannan ba ma abun muhawara ba ne, jirgin sama za ka hau.

Kuma in za ka hau, ka yi iya ƙoƙarinka tafiyar duka ta zama a kan tikiti ɗaya. In tikiti ɗaya ne, kayanka za su wuce da kansu har inda za ka, kuma in jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfanin ne zai nema maka wani ba tare da ka sake biya ba. In kuwa ka sayi biyu daban daban don ka ga sun fi araha, to a idon kamfani na biyu kai mutum ne da bai zo ba kawai, ba ruwansu da dalilinka, kuma dole ka fita ka ɗauki akwati ka sake aunawa, wanda ke nufin sai ka shiga ƙasar, wanda ke nufin sai kana da bizarta.

Maganar biza kuwa ita ce ke iya yanke hukunci tun kafin a zo kan lokaci. Bizar Birtaniya ba ta shigar da kai Faransa, bizar Schengen ba ta shigar da kai Birtaniya, abu biyu ne daban, kuma takardar zama a Birtaniya ma ba ta wadatar wa wanda fasfonsa ke buƙatar biza. Jirgin ƙasa ba shi da wani abu wai shi tiransit, hawansa shiga ƙasa ne kai tsaye, in ba ka da biza tun a St Pancras za a mayar da kai. A jirgin sama akwai zama cikin fili ba tare da ka shiga ƙasa ba, amma shi ma wasu fasfo, irin na Najeriya, Ghana, Habasha da Pakistan, suna buƙatar bizar yada zango a filayen Schengen sai in mutum yana cikin waɗanda aka ɗauke wa, Birtaniya ma tana da irin tata. Ka tabbatar da matsayinka a shafin ofishin jakadanci kafin ka biya ko sisi. Sannan tun Oktoban 2025 ƙasashen Schengen suka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa na baƙi a bakin iyaka, rajistar farko tana ɗan cin lokaci, ka ƙara wa kanka ƴan mintuna ko ta wace hanya ka bi.

Akwai kuma mutanen da suke tsakiya, ba a cikin gari suke ba kuma ba tiransit suke ba. Wanda ke zaune a yammacin Landan, irin Hounslow ko Slough, minti 20 ko rabin awa yana Heathrow, St Pancras kuwa sai ya yi awa guda, shi tazarar ta kusa shafewa, sai ya duba inda za shi a Paris da kuma kuɗi. Wanda ke Manchester ko Edinburgh kuwa bai kamata ma ya wahalar da kansa ba, akwai jirage kai tsaye zuwa Paris, daga Manchester wajen awa ɗaya da rabi, alhali jirgin ƙasa daga Manchester zuwa tashar Euston ta Landan kaɗai ya haura awa biyu kafin a fara maganar Eurostar. Mutanen Kent, a kudu maso gabashin Ingila, su ne abun tausayi, da can Eurostar yana tsayawa a Ashford da Ebbsfleet, tun 2020 ya daina, jirgin yana wucewa ta gabansu amma sai sun koma Landan su hau. A ɓangaren Faransa kuma, in ba Paris ce ƙarshen tafiyarka ba, misali Lyon ko Marseille ko Bordeaux za ka, tashar TGV da ke cikin Charles de Gaulle tana da amfani sosai, ka sauka daga jirgin sama ka hau jirgin ƙasa ba tare da ka shiga gari ba, yayin da mai Eurostar sai ya bar Gare du Nord ya tsallaka zuwa tashar Gare de Lyon ko ta Montparnasse da kayansa.

A kula da sunan fili ma a kan tikiti, domin Landan ba Heathrow kaɗai ba ce, Paris ma ba Charles de Gaulle kaɗai ba. Gatwick yana kudu wajen kilomita 45, Luton yana arewa, kamfanoni masu araha sun fi tashi daga can. Orly yana kudu da Paris kilomita 13 kacal, kuma tun Yunin 2024 layin metro na 14 ya kai can, ga wanda masaukinsa ke kudancin gari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda za a yi hattara da shi shi ne Beauvais, ana rubuta Paris a gaban sunansa amma wajen kilomita 85 ne daga gari, bas ɗinsa awa ɗaya da kwata ne in hanya ta yi kyau. In jirginka na gaba daga Charles de Gaulle zai tashi, sauka a Orly ko Beauvais ƙarin tafiya ce mai zaman kanta.

Kuɗi fa? Ba zan ce wannan ya fi wancan araha kai tsaye ba domin dukansu farashin hawa yake yi yana sauka da yawan masu saye. Abun da ya tabbata, in ka saya da wuri, makonni kafin tafiya, Eurostar yana da sauƙi, in ka bari sai saura kwana biyu ko ranar Juma'a da yamma ko lokacin hutu zai iya ninka na jirgin sama. Amma kar ka kwatanta tikiti da tikiti tsurarsu, ka ɗora wa na jirgin sama kuɗin zuwa Heathrow, kuɗin akwati, da kuɗin RER B ko tasi, sau da yawa arahar da ka gani a nan take narkewa.

Wanda aljihunsa ya yi ƙasa sosai akwai bas, irin FlixBus daga tashar Victoria, awa takwas zuwa goma, wasu na dare ne, za a tashe ka a bakin iyaka ka sauko a duba fasfo. Mai motar kansa kuma ko dai ya sa ta a jirgin ƙasan ɗaukar motoci daga Folkestone, minti 35 zuwa Calais, ko ya hau jirgin ruwa daga Dover, awa ɗaya da rabi, sannan ya yi kusan kilomita 300 zuwa Paris da kuɗin tolget, duka wajen awa shida zuwa bakwai, kuma ya tuna a Ingila hannun hagu ake tuƙi, a Faransa dama. Wannan sai ga iyali mai yawa da kaya, ko wanda zai zagaya ƙauyuka.

Saura abu ɗaya, ranar da abubuwa suka lalace. Kowanne yana da irin tasa. Jirgin ƙasa hanyarsa ɗaya ce, in ta toshe komai ya tsaya, kamar ranar 30 ga Disamban 2023 da ruwa ya cika wani rami a layin kusa da Landan aka soke jiragen wunin, ko 7 ga Maris 2025 da aka tono bam na yaƙin duniya na biyu a gefen dogo kusa da Gare du Nord. Jirgin sama kuma hazo da iska suna taɓa shi, ga yajin aikin masu kula da zirga-zirgar jirage na Faransa da ke zuwa lokaci lokaci, kuma a cikin watan Maris ɗin nan na 2025, ranar 21, Heathrow gaba ɗaya ya rufe saboda gobara a tashar wutar da ke ba shi lantarki. A doka, in jirgin sama ya makarar da kai awa uku ko fiye a gajeriyar tafiya irin wannan kuma laifin kamfani ne, kana da diyyar yuro 250 a tsarin Turai ko fam 220 a na Birtaniya, amma in yanayi ne ko abun da ya fi ƙarfinsu ba diyya, sai dai su kula da kai su sama maka wani jirgi. Eurostar yana fara biyan wani kaso na kuɗin tikiti daga jinkirin awa ɗaya. Duka biyun ba wanda zai biya maka jirgin nesa da ka rasa a kan wani tikiti daban, saboda haka in kana da doguwar tafiya daga Charles de Gaulle da safe kuma tikitinta daban ne, ni shawarata ka tsallaka tun ana gobe da yamma ka kwana a Paris ko kusa da fili, kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai kuɗin sabon tikiti ba.